Sitenles ɗin da na sa a murhun ɓuntu ya toye cikin wata huɗu, wane ƙarfe ne ke jure wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Kano. Na haɗa wa wani mai injin shinkafa murhun da ake ƙona ɓuntu don busar da shinkafa. Na yi cikinsa da fallen sitenles mai kaurin milimita 3, na ɗaure shi da walda a jikin firam na baƙin ƙarfe. Wata huɗu ke nan, fallen ya yi ciki, yana zubar da baƙin ɓawo, kuma ya tsage a gefen waldar. Mai injin yana cewa jabu na sa masa. Wani ya ce in nemi sitenles mai lamba 310. Wane ƙarfe ne ainihin mai jure wuta, a ina ake amfani da shi, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya sa wannan ce asarar ƙarshe. Na san zafin a ce wa mai sana'a ya yi ha'inci alhali da zuciya ɗaya ya yi aiki. Na daɗe a sashen gyara na wani kamfanin siminti, inda wuta ba ta mutuwa sai an tsayar da ita da gangan, don haka irin abin da ka bayyana na sha ganinsa da idona. Cuta uku ka lissafa: ɓawo, lotsawa, da tsagewa. Kowacce da sanadinta, kuma sayen 310 ɗaya daga ciki kawai zai magance maka, in ka sake haɗa murhun yadda ka haɗa shi da farko.

Sitenles, ko silba kamar yadda mata ke ce wa kwanukansa, sunan dangi ne. Duk ƙarfen da aka zuba wa sinadarin kuromiyom da ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ya shiga dangin, kuma 'ya'yan gidan sun haura ɗari. Abin da ke hana shi tsatsa wata 'yar fata ce siririya da ido ba ya gani, wadda kuromiyom ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. In ka karce ta, sai ta sake rufewa da kanta. Harry Brearley, wanda ake danganta wa gano wannan ƙarfe a birnin Shefild na Ingila a 1913, ba cokali yake nema ba. Yana binciken ƙarfen da zai hana cikin bututun bindiga cinyewa ne saboda zafin harbi. Ke nan maganar zafi tana cikin tarihin ƙarfen tun ranar farko.

Ka tuna abin da ke zuba a gindin uwar maƙera idan maƙeri ya ciro ƙarfe ja daga wuta yana duka. Wannan baƙin ɓawon tsatsa ce, sai dai wuta ce ta yi ta cikin mintuna maimakon damina ta yi ta cikin watanni. Baƙin ƙarfe yana fara wannan zubar da ɓawo sosai da ya haura digiri 550 a ma'aunin Salshiyos, kuma ɓawonsa ba ya kare abin da ke ƙarƙashi: yana faɗuwa, sabo na fitowa, har fallen ya ƙare. A sitenles, fatar kuromiyom ɗin nan ce ke yin kauri a hankali ta tare iska. Amma duk lokacin da fatar ta ɓare, ƙarfen sai ya ciro kuromiyom daga jikinsa ya yi sabuwa. Kamar rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa. Ranar da kuromiyom ɗin da ke kusa da saman ya yi ƙasa, sai baƙin ƙarfen da ke ciki ya fara ƙonewa irin na maƙera, kuma daga nan abin gudu yake yi. Shi ya sa ƙarafan wuta ke ɗauke da kuromiyom mai yawa, kashi 22 zuwa 26. Nikel kuma shi ke riƙe tsarin cikin ƙarfen ya hana shi saurin saki a zafi, yana taimaka wa ɓawon ya manne, yana kuma rage shigar kabon. Akan ƙara ɗan silikon, ko alminiyom, ko wani sinadari da ake kira seriyom, don fatar ta ƙara kama jiki.

To wane ne ka saya? A nan ne nake da zargi. Sitenles ɗin da ya fi yawa a hannun masu yin ƙofofi, shingen baranda da kantocin shaguna shi ne mai lamba 201 da 'yan uwansa. An rage masa nikel, an cike gurbin da manganis don ya yi araha. A ido, ba ka bambanta shi da 304. Mayen ƙarfe ma ba ya kama shi, kamar yadda ba ya kama 304 da 310, don haka gwajin da kowa ke yi a bakin shago ba ya gaya maka komai game da waɗannan ukun. Kama da wane ba ta wane. Ta yiwu shi kansa mai shagon bai sani ba, domin shi ma "sitenles" aka ce masa. Idan 201 ne a murhunka, wata huɗu ma ya yi ƙoƙari.

Shi 304, wanda ake ce wa 18/8 saboda kuromiyom 18 da nikel 8, ƙarfen kirki ne, amma na kicin da tankuna da bututun abinci ne kafin ya zama na wuta. Alƙaluman da aka saba aiki da su sun nuna a iska mai tsabta yana jure ɓawo har digiri 925 idan wutar ba ta yankewa, da 870 idan ana kunnawa ana kashewa. Na gaba da shi 309, mai kuromiyom 22 zuwa 24 da nikel 12 zuwa 15, yana kai 1095 da 980. Sai 310 da aka ba ka shawara, mai kuromiyom 24 zuwa 26 da nikel 19 zuwa 22, yana kai 1150 da 1035. Wanda za ka fi samu a kasuwa 310S ne, wato wanda aka rage wa kabon zuwa ƙasa da kashi 0.08 don ya yi daɗin walda. A takardun Turai lambarsa 1.4845. Akwai kuma 253MA da aka ƙirƙira a Suwidin, mai kuromiyom 21 da nikel 11 kawai, amma da silikon da nitirojin da ɗigon seriyom. Yana gogayya da 310 wajen jure ɓawo, ya fi shi ƙarfi a zafi, kuma ni a wurare da yawa na fi son sa in ana samu.

Ka lura da wani abu a waɗannan alƙaluma: wutar da ake kashewa ta fi cin ƙarfe fiye da wadda ke ci dare da rana. Mutane da yawa suna ɗauka hutu ake ba ƙarfen idan an kashe wuta. Ba haka ba ne. Ƙarfen da ɓawonsa ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, don haka duk sanyin da ya yi sai ɓawon ya fashe ya zube, gobe kuma a sake ɗibar rumbu. In ana kunna murhunka da safe a kashe da dare, ke nan cikin wata huɗu ya yi wannan hawa da sauka fiye da sau ɗari. Sannan waɗannan alƙaluma na busasshiyar iska ce. Hayaƙin ɓuntu akwai tururin ruwa a ciki, akwai toka mai kaifi domin mafi yawanta silika ce, irin sinadarin yashi, akwai kuma gishirin fotashiyom da ke manne wa ƙarfe yana cin fatarsa. Ni kan rage digiri 100 daga abin da ke takarda idan zan yi lissafin irin wannan murhu.

Ba ka faɗi zafin da murhun ke kaiwa ba, kuma na tabbata ba a auna ba, domin da wuya a auna a irin waɗannan ayyuka. Idonka na mai walda zai ba ka kusan amsa. Ƙarfe yana fara nuna ja a duhu wajen digiri 550 zuwa 600. Ja sosai irin na garwashi, wajen 750 zuwa 800 ne. In ya koma launin lemo, ka doshi 950 zuwa 1000. In ya yi rawaya, ka haura 1100. Amma ka nemi abin auna zafi da ake kira tamokopul, nau'in K, da ɗan agogonsa. Ba shi da tsada, kuma yana karanta har wajen 1200. Bindigar auna zafi da ake haskawa daga nesa takan yi ƙarya a kan sitenles mai ƙyalli, tana nuna ƙasa da gaskiya. Ka auna wuri uku aƙalla, musamman inda harshen wuta ke lasar ƙarfen, domin tsakanin can da gefe ana iya samun ratar digiri 200 ko fiye.

Yanzu lotsawar. Ƙarfe ba sai ya narke yake kasa ɗaukar kaya ba. Sitenles yana narkewa ne wajen digiri 1400, amma tun daga 550 yake fara wani irin saki a hankali idan akwai nauyi a kansa, ko da nauyin jikinsa ne kawai. A wajen aiki muna ce masa kirif. Ka ɗauke shi kamar kyandir da aka kwantar a kan duwatsu biyu a rana: bai narke ba, amma in ka dawo da yamma tsakiyarsa ta sauka. Masu tsara tukwanen tururi da bututun matatar mai ba sa tambayar nauyin da ƙarfe zai ɗauka yau. Suna tambayar wanda zai ɗauka na awa 100,000, wato shekara goma sha ɗaya da ɗoriya, bai tsinke ba. A digiri 800, wannan nauyi ga 310S bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfinsa a sanyi ba. To ka ga falle mai milimita 3, shimfiɗe a saman wuta ba abin da ya tallafe shi, dole ya yi ciki ko da na asali ne. Wani abin da ke rikita masu saye shi ne harafin L da H. A aikin ruwa da sinadarai ana neman 304L ko 316L masu ƙarancin kabon. A wuta kuwa kabon ƙarfi ne, shi ya sa ake da 304H mai kabon 0.04 zuwa 0.10. Wanda ya kai L cikin wuta don ya ji an ce ya fi kyau, ya sayi mai raunin ne da tsada.

Tsagewar gefen walda ita ce na fi so ka tsaya a kanta, domin a nan hannunka yake, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi. Sitenles irin su 304 da 310 suna buɗewa a zafi fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi, kuma ba sa watsa zafi da sauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Mu yi lissafi. Falle mai tsawon mita 2, in ya tashi daga zafin gari zuwa digiri 830, zai ƙara tsawo da kusan santimita 3. Firam ɗin da ka ɗaure shi a kai yana waje iska na bugunsa, ƙila bai ƙara ko milimita 2 ba. Ina wannan santimita 3 za ta je? Ka ɗaure gefe huɗu da walda, ba ta da hanya sai ta kumbura ciki ko waje. Da dare kuma fallen da ya riga ya lanƙwashe zai so ya tsuke, sai ya ja waldar. Yau turi, gobe ja, har ƙarfen ya gaji ya buɗe a inda ya fi rauni, wato gefen ɗinkin. Ko da zinariya ka yi fallen, in ka hana shi wurin motsi sai ya tsage. A kamfani, duk abin da ke shiga wuta muna kama shi da ƙarfi a waje ɗaya ne tak, sauran wuraren a yi musu ramin noti mai tsawo, a sa washa, wato zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, a ɗaure sako-sako yadda zai zame. Babban falle kuma a yanka shi gida-gida, ana ɗora bakin wani a kan wani kamar jeren kwanon rufi.

Akwai wata cutar da ba ta kama murhunka ba tukuna saboda bai daɗe ba, amma in ka koma 310 ya kamata ka san ta. Ƙarafa masu kuromiyom da yawa, in suka daɗe tsakanin digiri 600 da 900, wani abu mai tauri da gautsi yakan tsiro a cikinsu, ana kiransa sigma. A zafi ba a cika jin illarsa ba. Sai an huce. Na tuna wata tsayawar gyara da muka yi, muka shiga cikin wani bututun hayaƙi bayan ya kwana biyu yana hucewa. Wani yaro cikin ma'aikata ya ga wani maratayin 310 ya ɗan karkace, ya ɗauki guduma zai miƙar da shi. Bugu ɗaya, sai ji muka yi ƙal, ƙarfe mai kaurin yatsa ya faɗi gida biyu kamar an saki tulu. Na ɗauki guntun na haska da tocila: bakin karayar a miƙe yake, yana walƙiya kamar sukari, ba alamar ya ja ko ya lanƙwasa kafin ya rabu. Ƙarfen da aka kawo sabo ana iya naɗe shi kamar tabarma, shekaru a wuta sun mai da shi haka. Tun daga ranar na hana a taɓa tsohon ƙarfen wuta da guduma, kuma ban yarda wani ya taka shi ko ya rataya a jikinsa ba. Wannan na cikin dalilan da ya sa ba na ce wa kowa ya sayi 310 kai tsaye: in zafinka 700 ne, 310 yana zaune a tsakiyar inda sigma ke tsirowa, kuma 304H ko 321 za su iya yi maka aikin da rahusa.

Shi 321 ɗin 304 ne da aka ƙara wa taitaniyom, 347 kuma aka ƙara wa niyobiyom. Amfaninsu shi ne, a 304 zalla, tsakanin digiri 425 da 860 kabon yakan kama kuromiyom a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ya bar wurin ba kariya. Muddin ana cikin zafi ba matsala, amma da an huce raɓa mai tsami ta sauka, sai tsatsa ta bi waɗannan layuka ta ci. Taitaniyom da niyobiyom suna riga kuromiyom kama kabon ɗin. Shi ya sa matatun mai, inda bututu ke zafi yau gobe a tsayar a buɗe, suke yawan amfani da su.

Abin da ake ƙonawa ma yana sauya zaɓi gaba ɗaya. Inda hayaƙi ke da farar wuta kuma iska ta yi ƙaranci, nikel da muke yabo shi ke zama matsala, domin yana haɗuwa da farar wuta su yi wani abu da ke narkewa tun wajen digiri 640, ya bi cikin ƙarfen ya ruɓar da shi. A irin nan akan koma 446, mai kuromiyom 23 zuwa 27 ba nikel, duk da cewa shi ba ya ɗaukar nauyi a zafi. Inda kuma kabon ya yi yawa, kamar tanderun da ake ƙara wa haƙoran giyar mota da ƙusoshinta tauri, nikel mai yawa ake so, sai a ɗauki 330 mai nikel wajen 35. Baƙin mai da wasu masana'antu ke ƙonawa yana da sinadarin banadiyom, tokarsa na narkewa ƙasa da digiri 700 ta wanke fatar ƙarfen. Tanderun ƙona sharar asibiti yana fama da kulorin daga robobi. Narkakken ƙarfe kuwa ya fi duka: masu zuba tukwanen dalma sun san ludayin sitenles ba ya daɗewa a cikin narkakken alminiyom, domin alminiyom ɗin narkar da shi yake yi a hankali, duk da zafinsa bai wuce 700 da wani abu ba. Tutiyar da ake shafa wa fayif da kwanon rufi ita ma in ta narke a kan sitenles mai zafi tana kutsawa ta tsaga shi, don haka kada ka haɗa ƙarfe mai tutiya da sitenles a wurin wuta.

Ka tambayi inda ake amfani da su. A kamfanin siminti, irin na Ashaka, Sakkwato, Obajana ko Malbaza a Nijar, dutsen na dahuwa ne a digiri 1450, zafin da ba sitenles ɗin da zai tsaya a gabansa. Bulo mai jure wuta ne ke fuskantar wutar, gangar kanta baƙin ƙarfe ce. Ƙarafan da muke magana suna aiki a ɓoye: dubban 'yan ƙugiyoyi masu siffar baka da ke riƙe kankaren wuta a bango, bututun da ke rataye cikin manyan mazurarai masu ɗumama gari, da farantan da dutse mai zafi ke gangarowa a kansu ana hura masa iska. Yawancin waɗannan farantai zuba su ake yi ba murzawa ba, da ƙarafa irin su HH da HK, masu kabon da ya ninka na falle sau da yawa don su yi ƙarfi. A masana'antar takin zamani, inda ake fasa iskar gas da tururi don samun haidirojin, dogayen bututu ne a tsaye cikin tanderu suna aiki wajen digiri 900 da matsi a cikinsu shekara da shekaru. Da HK40 ake yin su a da, mai kuromiyom 25 da nikel 20, yanzu an fi yin su da HP mai nikel 35 da ɗan niyobiyom. Tashoshin lantarki masu tururi suna sa 304H da 347H a bututun da suka fi zafi. In aka wuce iyakar sitenles sai a shiga dangin nikel, irin su Incoloy 800H da Inconel 600 da 601, kuɗinsu kuma wani labari ne.

Wasu ma suna gabanka kullum. Salansar yawancin motocin zamani 409 ce, mai kuromiyom wajen 11 kawai, mayen ƙarfe na kama ta, takan yi ja-ja a waje amma ba ta hujewa da wuri. Wayar da ke ja a cikin rishon lantarki nikurom ce, nikel 80 da kuromiyom 20, wadda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906. Ta tanderun gasa tangaran kuwa galibi Kanthal ce daga Suwidin, haɗin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, mai kaiwa har 1400.

Akwai kuma inda sayen 310 ɓarnar kuɗi ce. Tanderun burodi digiri 200 zuwa 250 yake aiki, 430 ko 304 sun wadatar, sai dai ɗakin wutar kansa. Kuma tunda a injin shinkafa kake aiki, ka kiyaye wannan: jure wuta daban, jure ruwan zafi daban. Tankin turara shinkafa bai wuce digiri 100 da kaɗan ba, amma in ruwan rijiyar burtsatsen na da gishiri, 304 yakan yi tsaga sirara kamar saƙar gizo da zarar zafi ya haura 60, musamman kusa da walda. 310 ba shi ne maganin wannan ba. Maganinsa gyaran ruwa da wanke tanki, ko wani dangin sitenles da ake kira dufules.

Da ni ne kai, ga yadda zan sake murhun. Ba zan bar ƙarfe ya fuskanci harshen wuta ba sam. Zan yi gangar waje da baƙin ƙarfe mai kauri, in jera bulon wuta a ciki ko in zuba kankaren wuta da ake kira kastabul, in sa abin tare zafi tsakaninsu. Wannan zai rage ɓuntun da ake ƙonawa ma, domin zafin ba zai riƙa tsiyaya ta bango ba. Kuɗin 310S ko 253MA zan kashe su ne a 'yan wuraren da ba makawa: ƙugiyoyin da ke riƙe kastabul, ragar da ɓuntu ke ci a kai, bakin da ake zuba ɓuntun, da farkon bututun da ke ɗaukar zafi. A nan ma kauri ya kai milimita 5 ko 6, a guntu-guntu da za a iya cirewa a sauya. Can gaba inda hayaƙi ya sauka ƙasa da 700, 304 ya isa. Ƙasa da 450, baƙin ƙarfe ma ya isa. Da wannan tsari, 310 ya cancanci kuɗinsa. In kuwa za ka shimfiɗa shi ne a madadin tsohon fallen ka sake ɗaurewa gefe huɗu, zai daina zubar da ɓawo amma zai tsage a wuri ɗaya da na farko. Tsadarsa daga nikel take, yana ɗauke da ninki biyu da rabi na abin da ke cikin 304.

Wajen saye, ka duba rubutun da ke jikin fallen: lambar ƙarfen da lambar narkin da aka yi shi. Ka nemi takardar shaidar masana'anta, ka ga lambar narkin ta yi daidai da ta jikin fallen. In aikin babba ne, akwai na'urar hannu mai kama da bindiga, XRF, da ke karanta kuromiyom da nikel cikin daƙiƙoƙi. Wasu masu sayen tsofaffin ƙarafa da ɗakunan gwaji suna da ita. Ka yanki guntun tsohon fallen ka kai a haska, daga wurin da wuta ba ta ci ba. In ya nuna manganis mai yawa da nikel kaɗan, ka san 201 aka ba ka, kuma kana da abin nuna wa mai injin. In 304 ne, ka gaya masa gaskiya cewa ƙarfen na asali ne, aikin ne ya fi ƙarfinsa, kuma tsarin ɗaurin na buƙatar gyara. Mutum ya fi saurin haƙuri idan ya ga lamba a gabansa.

Sandar walda kuma ta dace da ƙarfen. 310 da 310, sandar E310. Sitenles da baƙin ƙarfe, E309. 321 ana yi masa da E347, domin taitaniyom ƙonewa yake yi a wutar walda bai isa cikin ɗinkin ba. In ka ɗinke 310 da sandar 308 da ka saba, ɗinkin ne zai fara toyewa. Waldar 310 tana da saurin tsagewa tun tana zafi, don haka ka rage wuta, ka ja siririn layi ba tare da kaɗa hannu da faɗi ba, ka cike ramin ƙarshe, ka bar wurin ya sauka ƙasa da digiri 150 kafin ka sake bi. Dutsen gurza da burushin da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su taɓa sitenles. Don Allah kuma ka yi waldar a inda iska ke wucewa, ka rufe hanci da abin kirki, kai da yaranka, domin hayaƙin waldar sitenles yana ɗauke da wani nau'in kuromiyom mai illa ga huhu.

In ka zuba kastabul, ka shafa wa kan ƙugiyoyin kwalta ko ka sa musu 'yar hular roba, wadda za ta ƙone a wutar farko ta bar musu wurin buɗewa, in ba haka ba su da kansu za su fasa kankaren. Ka bar shi ya kwana ya yini ya kama jiki. Sannan a fara da 'yar wuta kaɗan, a riƙe ta sa'o'i a ɗan sama da digiri 100 har tururi ya daina fita, a ƙara a hankali bisa jadawalin da ke takardar masu kayan. Mai injin zai matsa maka a cika wuta ranar farko saboda shinkafa na jira a tsakar gida. Kada ka yarda, ruwan da ya maƙale a ciki in ya zama tururi farat ɗaya yana iya ɓalle bangon gaba ɗaya.